Ƴan sandan soja a fagen yaƙi: kamannin da jarida da sinima suka ba su (misalin Amurka)

1. Gabatarwa

Manufarmu a cikin wannan takarda ita ce mu duba wani rukuni na soja wanda masu nazarin kafofin watsa labarai ba su cika kula da shi ba, watau ƴan sandan soja, musamman lokacin da aka fitar da su daga bariki aka kai su ƙasar da ake yaƙi. Tambayar da muke son amsawa ita ce: wane kamanni ne jarida da talabijin da sinima suka ba waɗannan mutane, kuma me wannan kamanni yake ɓoyewa? Mun ɗauki misalin Amurka domin a can ne shaidu suka fi yawa, kuma mun fi tsayawa bisa shekarun 2003 zuwa 2005 a Iraƙi.

Tun da farko akwai matsalar suna. Mai karatu a nan, in ya ji an ce soja mai aikin ɗan sanda, jandarma ne zai faɗo masa a rai. Amma jandarma, bisa tsarin da muka gada daga Faransa, soja ne da ke aiki cikin farar hula, a ƙauyuka da kan hanyoyi. Ɗan sandan sojan Amurka kuwa, wanda aka kafa rundunarsa ta dindindin a watan Satumba na 1941, ikonsa na yau da kullum a kan sojoji ƴan uwansa yake. Abin da ya fi kusa da shi a tsarin Faransa shi ne prévôté, watau jandarmomin da ke rakiyar runduna in ta fita waje. Sai dai in an kai ɗan sandan sojan Amurka fagen yaƙi aikinsa yakan faɗaɗa ƙwarai: tsaron hanyoyi, rakiyar ayarin motocin kaya, shingen bincike, horar da ƴan sandan ƙasar da aka shiga, da kuma tsare fursunoni. Mafi yawan wannan aiki jira ne da ƙidaya da cika takardu, abubuwan da mai ɗaukar hoto ba ya ɓata lokacinsa a kansu.

2. Tsohon kamanni

A cikin fina-finan yaƙin duniya na biyu, ɗan sandan soja mutum ne na gefe. Ana gane shi da farar hular kwano da ƙyalle a damtse mai haruffa biyu, M da P. Yana tsaye a bakin ƙofa yana neman takarda, ko kuma ya shigo mashaya da kulki ya raba faɗa ya jefa jarumin fim a bayan mota. Mai kallo yana tare da jarumi, saboda haka mai ƙyallen cikas ne kawai, sau da yawa ko suna ba a ba shi. A Faransa abin ya bi hanyar dariya: fina-finai shida na Louis de Funès, daga Le Gendarme de Saint-Tropez na 1964 har zuwa 1982, sun mai da jandarma mutum mai tsanani ga na ƙasa da rawar jiki gaban na sama. Waɗanda suka yi zamanin gidajen sinima na Yamai da Damagaram ba su bukatar a yi musu bayaninsa.

Daga baya sai wani kamanni ya fito, na mai bincike. A fim ɗin The Presidio na 1988, Sean Connery ne shugaban ƴan sandan wani bariki a San Francisco, yana bin sawun kisan kai. Wanda ya fi kowa suna a wannan layi shi ne Jack Reacher, jarumin ƙagaggun labaran marubucin Ingila Lee Child, wanda littafinsa na farko ya fito a 1997. Tom Cruise ya fito a matsayinsa a 2012 da 2016, kamfanin Amazon kuma ya mai da shi shiri mai dogon zango tun daga 2022. In an lura, Reacher tsohon manjo ne wanda ya riga ya tuɓe kaki. Shi kaɗai yake yawo, ba shi karɓar umurni daga kowa, ba ya gadin kowa. An ɗauki sunan aikin an ba shi don a gaskata ƙwarewarsa, an yar da aikin kansa. Kompani mai mutum ɗari da ƴan kai, da jerin shugabanninta da jadawalin gadinta, ba ta da wuri a irin wannan labari.

Kafin Iraƙi, babban lokacin da duniya ta kalli ƴan sandan soja a matsayin rukuni shi ne 31 ga Janairu 1968 a Saigon, sa'ad da mayaƙan Biyetkon 19 suka fasa katangar ofishin jakadancin Amurka a farkon farmakin Tet. Mutanen bataliya ta 716 ne suka fara tare su, kuma ƴan jarida, da yake masaukinsu ba shi da nisa, sun ɗauki faɗan tun da sauran duhu. Rahotannin farko sun ce maharan sun shiga cikin ginin kansa, alhali a farfajiya aka tsai da su. An gyara labarin daga baya, amma na farkon ya riga ya yi tafiya.

3. Abu Guraib

Gidan kason Abu Guraib yana wajen kilomita 30 yamma da Bagadaza. A zamanin Saddam Husaini ya yi ƙaurin suna wajen azaba da rataya. An sallami fursunoninsa a afuwar Oktoba 2002, Amurkawa kuma suka sake buɗe shi a 2003. A watan Oktoba na wannan shekara aka miƙa sashen da ya fi tsanani ga kompani ta 372 ta ƴan sandan soja, wadda mazauninta yake Cresaptown a jihar Maryland. Mutanenta sojan jiran kira ne, watau farar hula masu sana'o'insu waɗanda ake kira in bukata ta taso. Horonsu na tsaron hanya ne da rakiyar ayari, kuma irin aikin da suka yi ke nan a garin Hilla kafin a kawo su. Biyu daga cikinsu, Charles Graner da Ivan Frederick, gandirobobi ne a gida, shi ya sa aka ɗora musu gadin dare. Rahoton kwamitin James Schlesinger na Agusta 2004 ya nuna cewa a Oktoba 2003 wajen mutum 7,000 ne ke tsare a wurin, masu gadi kuwa wajen 90, ga kuma harbin igwa da ake yi wa gidan daga waje a kai a kai. Ƙungiyar Croix-Rouge ta duniya, a rahotonta na Fabrairu 2004, ta ce jami'an leƙen asirin soja sun shaida mata cewa kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na waɗanda ake tsarewa a Iraƙi bisa kuskure aka kama su.

Ba mun kawo waɗannan adadi don mu wanke kowa ba. Mun kawo su ne domin babu ɗayansu da ya fito a hoto.

Akwai kuma abu na biyu da hoto bai ɗauka ba. A ƙarshen Agusta da farkon Satumba 2003, Janar Geoffrey Miller, shugaban sansanin Gwantanamo, ya ziyarci Iraƙi ya ba da shawara cewa masu gadi su riƙa shirya fursuna kafin masu tambaya su zauna da shi. A ƙa'idar sojan Amurka aikin biyu a rabe suke: ɗan sandan soja yana tsare fursuna lafiya, jami'in leƙen asiri yana yi masa tambaya. Janar Antonio Taguba, wanda ya binciki lamarin a farkon 2004, ya nuna a rahotonsa cewa haɗa ayyukan nan ya saɓa wa ƙa'ida. Tsiraici da hana barci da ɗaure mutum a tsaye sun zama abin yau da kullum a sashen. A kan wannan ne masu gadin dare suka ɗora nasu wulaƙancin, suka kuma ɗauke shi a hoto tsakanin Oktoba da Disamba.

Yadda labarin ya fito shi kansa abin nazari ne. A farkon Nuwamba 2003 wakilin kamfanin dillancin labarai na AP, Charles Hanley, ya buga shaidar wasu da aka sako daga gidajen kason Amurka a Iraƙi. Kusan babu jaridar da ta bi sawu. A 13 ga Janairu 2004 wani soja na kompanin, Joseph Darby, ya miƙa faifan hotunan ga masu binciken soja. Kwana uku bayan haka rundunar ta fitar da gajeriyar sanarwa cewa ana bincike. Ita ma ta wuce shiru. Sai ranar 28 ga Afrilu, da tashar CBS ta nuna hotunan a shirinta na 60 Minutes II, bayan ta jinkirta mako biyu bisa roƙon Janar Richard Myers, sa'an nan duniya ta girgiza. Kwana biyu bayan haka Seymour Hersh ya buga abin da rahoton Taguba ya ƙunsa a mujallar The New Yorker. Watau wajen wata shida labarin yana nan a rubuce, babu mai ji. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana, amma a nan ji bai ma samu shiga ba sai da gani ya buɗe masa ƙofa.

To, me aka gani? An ga fuskokin ƙananan sojoji suna murmushi, da jikkunan Iraƙawa waɗanda aka rufe wa kai da buhu. Hoto yana nuna wanda ya tsaya gaban kyamara ne kaɗai. Mai tambaya, da ma'aikacin kamfanin kwangila, da hafsan da ya sa hannu a takarda, duk suna wajen hoto. Saboda haka hotunan da suka tona asiri su ne kuma suka sauƙaƙa wa gwamnatin George Bush bayaninta, wanda a taƙaice shi ne wake ɗaya ke ɓata gari. Sakamakon shari'a ya bi wannan layi. An hukunta sojoji 11: bakwai daga kompani ta 372, biyu masu riƙon karnuka, biyu ƙananan ma'aikatan leƙen asiri, kuma babu hafsa ko ɗaya a cikinsu. Graner ya samu shekara 10, Frederick 8, Lynndie England 3. An rage wa Janar Janis Karpinski, shugabar birged ta 800, girma zuwa kanal a 2005. Hafsa ɗaya tak aka gurfanar gaban kotun soja, Laftanar-kanal Steven Jordan, kuma a 2007 aka wanke shi daga zargin cin zarafi.

Hotuna biyu sun cancanci mu tsaya a kansu. Na farko shi ne na England riƙe da igiyar da aka ɗaura a wuyan wani fursuna tsirara. England ma'aikaciyar ofis ce mai shekara ashirin da ƴan kai, ba ta da aikin gadi a sashen. Wajen Graner take zuwa, shi ne kuma ya ɗauki hoton. A asalin hoton akwai wata sojar tsaye a gefe, aka yanke ta kafin ya yaɗu. Abin da ya saura shi ne mace ɗaya da namiji a ƙasa, kuma a haka jaridun duniya suka buga shi. Na biyu shi ne na Sabrina Harman ta sunkuya bisa gawar da aka lulluɓe da ƙanƙara tana ɗaga babban yatsa. Gawar ta Manadel al-Jamadi ce, wanda ya mutu ranar 4 ga Nuwamba 2003 a ɗakin wanka na gidan kason, a hannun mai tambaya na hukumar CIA. Harman ba ta da hannu a mutuwarsa. Duk da haka fuskarta ce kowa ya sani. Ba a taɓa gurfanar da mai tambayar ba, kuma ma'aikatar shari'ar Amurka ta rufe binciken a Agusta 2012. Mai kallo yakan fusata da yatsan, ya manta ya tambayi wa ya kashe mamacin, ko da yake in ba don hoton ba da wuya a san an yi kisan.

4. Inda babu hoto

Don a gwada wannan ra'ayi sai a dubi Bagram a Afganistan. A watan Disamba 2002 mutum biyu suka mutu a can cikin mako guda, a sashen da kompani ta 377 ta ƴan sandan soja ke gadi, su ma sojan jiran kira ne daga jihar Ohio. Ɗayansu, Dilawar, direban tasi ne mai shekara 22 daga lardin Khost. An ɗaure hannuwansa a sama kwana da kwanaki, ana dukansa a cinya har ya cika. Da farko rundunar ta ce mutuwar Allah da Annabi ce, sai da Carlotta Gall ta jaridar New York Times ta samo takardar shaidar mutuwa a hannun danginsa, inda likitar soja ta rubuta kisa. Laifin nan ya fi yawancin abin da aka gani a hotunan Abu Guraib muni, amma hukuncin da ya fi tsawo a kansa wata biyar ne. In aka tambayi ɗalibai su ambaci sunan soja ɗaya na Bagram, da wuya a samu mai amsa. Sai da fim ɗin Alex Gibney, Taxi to the Dark Side, ya ci kyautar Oscar a 2008, sa'an nan sunan Dilawar ya fita daga shafukan jarida.

5. Mace da kaki

Ba haɗari ba ne da mata suka yi yawa a wannan labari. Dokar ma'aikatar tsaron Amurka ta 1994 ta hana sa mata a rukunonin da ke faɗan ƙasa gaba da gaba, ba a kuma ɗage ta ba sai a 2013. Rundunar ƴan sandan soja ba ta cikin waɗanda aka hana, kuma a Iraƙi hanyar mota ita ce fagen fama. Ranar 20 ga Maris 2005, kusa da Salman Pak a kudu maso gabashin Bagadaza, mayaƙa wajen 50 suka yi wa ayarin motocin kaya kwanton ɓauna. Sojoji goma na kompani ta 617 daga jihar Kentucky, cikin motoci uku, suka shiga tsakani. Biyu daga cikinsu, Timothy Nein da Leigh Ann Hester, suka sauka suka bi ramukan maharan da ƙafa. A watan Yuni aka ba Hester lambar Silver Star, mace ta farko da ta same ta tun bayan yaƙin duniya na biyu.

Jaridun Amurka sun karɓi labarin da hannu biyu, shekara guda bayan hotunan England, kuma wata uku kafin a yanke wa England hukunci. Matan biyu kusan sa'o'in juna ne, rundunarsu ɗaya. An sa ɗaya ta ɗauki kunyar ƙasa, ɗaya ta ɗauki alfaharinta, kuma a duka biyun kasancewarsu mata ne ya zama kan labari. Nein, wanda shi ne shugaban tawagar kuma daga baya aka ɗaga lambarsa zuwa wadda ta fi girma, bai samu rabin ambaton da Hester ta samu ba, kamar yadda Graner, wanda kotu ta ɗauka shi ne jagora, bai kai England suna ba.

6. Bayan jarida

Masu fim na bin diddigi sun yi ƙoƙarin mai do da abin da hoto ya yanke. Rory Kennedy ta fitar da Ghosts of Abu Ghraib a 2007. Wanda ya fi amfani ga mai nazari, a ganinmu, shi ne Standard Operating Procedure na Errol Morris, wanda ya samu kyauta a bikin fina-finai na Berlin a 2008. Morris ya zaunar da sojojin suna magana kai tsaye da kyamara, ya kuma kawo Brent Pack, mai binciken sojan da ya jera hotunan kyamarori uku bisa sa'a da minti ta amfani da bayanan da na'urar ke ajiyewa a cikin kowane hoto. An nemi Pack ya raba hotunan gida biyu: wanda ke nuna laifi, da wanda ke nuna aikin da aka saba. Hoton mutumin nan da aka tsayar bisa kwali, kansa cikin buhu, wayoyi a yatsunsa, wanda mujallar The Economist ta sa a bangonta a Mayu 2004, ya faɗa gida na biyu. Daga nan fim ɗin ya samo sunansa. An soki Morris cewa ya biya wasu daga cikin masu maganar, kuma ya ba masu laifi fili fiye da kima. Sukar da ta fi nauyi a wurinmu ita ce ba a ji muryar Ba'iraƙe ko ɗaya ba.

Mai zanen Kolombiya Fernando Botero ya bi akasin wannan hanya. A cikin gomman zane-zanen da ya yi a 2004 da 2005, waɗanda ya ƙi sayarwa, fursunoni ne suka cika allo; mai gadi kuwa takalmi ne, ko safar hannu, ko igiyar kare. Ya mai da ɗan sandan soja inda tsofaffin fina-finai suka bar shi, mutum marar fuska a gefen hoto, sai dai yanzu abin tsoro ne.

Akwai wata damuwa da ta shafi duk mai koyar da wannan darasi. Yarjeniyoyin Janeba na 1949 sun hana a mai da fursunan yaƙi ko farar hular da ke tsare abin kallon jama'a. Ɗaukar hotunan wani ɓangare ne na wulaƙancin, kuma duk sa'ad da aka sake buga su, ko aka haska su a aji, wulaƙancin yana ƙaruwa bisa mutanen da ba a nemi izininsu ba. In kuma ba a buga ba, an ga abin da ya faru da Bagram. Buhun da aka sa musu ya ɓoye su har ga masu neman taimakonsu: a Maris 2006 New York Times ta buga a shafinta na farko hira da wani tsohon fursuna a matsayin mutumin kan kwali, mako guda bayan haka ta janye, domin takardun bincike sun nuna wani ne daban.

Sunayen Iraƙawa sun shiga labarin ne ta ƙofar kotu, a makare. A 2008 wasu tsofaffin fursunoni suka kai ƙarar kamfanin CACI, wanda ya ba rundunar hayar masu tambaya a Abu Guraib. A Nuwamba 2024 wata kotun tarayya a jihar Virginia ta same shi da alhakin haɗa baki wajen azabtarwa, ta ce ya biya mutum uku dala miliyan 42. Hujjar masu ƙara ita ce ma'aikatan kamfanin suna cikin masu gaya wa ƴan sandan soja su tausasa fursuna kafin tambaya. A lokacin, gidan kason ya shekara goma a rufe, tun Afrilu 2014, Graner kuma ya shekara goma sha uku da fitowa.